Da me ya kamata a gwada bawul ɗin rage matsi?

Bawul ɗin rage matsi shi ne wanda ke buɗewa da kansa ya saki matsi idan ya kai iyakar da aka saita masa. Shawarar da injiniyoyi suka fi haɗuwa a kanta ita ce a gwada bawul da irin abin da zai yi aiki da shi: na gas da busasshiyar iska ko naitirojin, na ruwa da ruwa, na tukunyar tururi kuwa da tururi. Dalilin shi ne iska kan buɗe bawul farat ɗaya da ƙara, ruwa kuwa a hankali yake ɗaga shi, saboda haka wanda aka saita da abin da bai dace ba yana iya buɗewa a kan matsin da ba a nufa ba.

Akwai kuma gwajin yoyo na ƙa'idar API 527 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, inda ake kai matsi kashi 90 cikin 100 na wanda aka saita, sannan a ƙirga kumfar da ke fitowa daga bakin bututun da aka haɗa da mafitar bawul aka tsoma a cikin ruwa duk minti ɗaya.

Gargaɗin da ya fi kama ni shi ne kada a yi gwajin da oksijin, domin maiƙo yana iya kama wuta idan ya haɗu da shi. Naitirojin ma yana shaƙe mutum a rufaffen ɗaki ba tare da wani wari ba.