Wata 16 bai saki hannu ba, kalmominsa uku: a jira ko a je asibiti?

Maman Yaro, Agege:
Assalamu alaikum. Yarona watansa 16. Yana rarrafe, yana miƙewa ya dafa kujera ya zagaye ɗaki, amma bai taka shi kaɗai ba. Kalmominsa "mama", "baba" da "ruwa", sauran duk gwaranci ne. A ɗaki Hausa muke yi, a tsakar gida kuma Yarbanci da Buroka yake ji. Wasu sun ce yawan yare ne ya rikita shi, wasu sun ce in saya masa keken zama na koyon tafiya. Masu sani a taimaka.

Ma'aikaciyar Jinya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, bai makara ba. Yara lafiyayyu kan fara tafiya tsakanin wata 9 zuwa 18, kuma wanda ke bin bango yana dafawa saura ƙiris. Idan bakwaini ne, ki cire makonnin da ya rage a ciki kafin ki ƙirga shekarunsa. Wanda aka haifa saura wata biyu, a wata 16 lissafinsa na ɗan wata 14 ne.

Abin da zai sa ki daina jira shi ne: ya cika wata 18 bai taka ba, ko yana jan ƙafa ɗaya, ko jikinsa ya cika saki ko sanƙarewa, ko kuma ya daina wani abu da ya riga ya iya. Wannan na ƙarshen ba a kwana da shi. Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ki riƙe katin awonsa, su za su tura ki LASUTH, asibitin koyarwa na jihar Legas a Ikeja, ko asibitin yara na Massey idan da buƙata. Ki duba katin tun yau ma, domin allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yi, iyaye da yawa kuma daga ta wata 9 suke ɗauka an gama.

Likitan Gashin Ƙashi, Ikeja:
Hajiya, keken zaman nan kada ki saya. Yaron da ke cikinsa da yatsun ƙafa yake turawa, kujerar ce ke ɗauke nauyinsa, ƙugu da cinyoyin da ya kamata su koyi riƙe shi ba sa aiki. Ga gudu. A gidan haya mai dogon lungu, kafin ki juyo ya kai bakin mataki ko risho. Keken katakonmu mai ƙafa uku, wanda yaro ke tsayawa ya tura, ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan yana zille masa a kan tayil, a ɗaura masa ɗan nauyi a gaba.

A ɗaki ki bar shi ba takalmi ba safa, tafin ƙafa na buƙatar jin ƙasa. Ki ajiye kujeru biyu da tazarar taku ɗaya, abin wasansa a kan ta biyun, bayan kwana biyu ki ƙara tazarar. In za ki yi masa tatata, riƙe shi a ƙugu. Ɗaga hannayensa sama kan sa ya rataye a jikinki. Goyo ba laifi ba ne, amma wanda ya wuni a baya yaushe zai gwada?

'Yar ƙafar baka a wannan shekarun ba ciwo ba ce, takan miƙe wajen shekara biyu. Wadda ke ƙaruwa ko ta ɓangare ɗaya ce ake kai wa likita.

Malamar Rainon Yara, Obalende:
Maganar yare uku ba ta da tushe, Maman yaro. A haɗe ake ƙirga kalmomin: in ya ce "ruwa" ya kuma ce "omi" (ruwa da Yarbanci), biyu ke nan. Ko "mau" da yake kiran kyanwa da shi kullum kalma ce. A wannan watannin na fi damuwa da abin da yaro ke ganewa. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa ya kalle ki? In kin ce "kawo takalminka" yana kawowa? In eh ne, magana na hanya, wajen shekara biyu ki sa ran jin kalma biyu a haɗe, irin "ba ni".

In ba ya waiwayowa, kunne za a fara aunawa, musamman idan ya yi shawara mai tsanani yana jariri ko kunnensa na zubar da ruwa. Kada a kai shi wurin wanzami a ce za a yanke masa ƙasan harshe. Waya kuma a janye, ba ta mayar wa yaro da magana. Lokacin wanka da cin abinci ki riƙa faɗin sunan abin da ke hannunsa, ki yi shiru ki ba shi dama ya amsa.

Maman Yaro, Agege:
Na gode, Allah ya saka. Yana waiwayowa, yana nuni. Sai dai abinci, daga nono sai koko.

Ma'aikaciyar Jinya, Idi-Araba:
To nan ne aikin yake. Tsinkakken koko cika ciki kawai yake yi. Ki dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, ki sa garin gyaɗa ko waken suya da garin busasshen kifi. Ɗan wata 12 zuwa 23 na buƙatar abincin gida sau uku zuwa huɗu a rana, kowane ci kusan cikin kofi mai mil 250, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar ayaba ko gwanda. Faten wake da manja, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka duk zai ci. Ki fara ba shi abinci kafin nono, nonon kuma a ci gaba har shekara biyu. Gyaɗa tsurarta kada a ba shi, tana shaƙe yara. A wurin awo ki nemi a auna damtsensa, ƙasa da santimita 12.5 na nufin ya rame, ki kuma tambayi bitamin A na kowane wata shida da maganin tsutsar ciki.

Kafin ya saki hannu ki gyara gida. Bokitin ruwa a rufe ko a kife, ruwa kaɗan ya isa ya nutsar da yaro in ya faɗa da ka. Kananzir kada ya zauna a gorar lemo. In tsautsayi ya sa ya sha, ban da manja, ban da sa shi amai, domin aman ne ke kai shi huhu. Asibiti kai tsaye.