Orobo tana mutuwa idan ta yi zafi, an ce biren bokis ne

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Orobo ɗina (Toyota Camry) ta 1994 ta tsiri wani hali. Da safe lafiya lau take tashi, amma da inji ya yi zafi sai silo ya dinga hawa da sauka, a danja kuma ta mutu. An canza fulogi, an canza fiyel fam, duk a banza. Yanzu an ce in sayo biren bokis Beljiyam, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. In saya?

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam. Kar ka saya tukuna, Alhaji. Ciro shi a buɗe. Yana bayan aljihun dashbod, gefen fasinja. Amma ka fara cire kan batir kafin ka zare soket.

Mai Hala: Wallahi Alhaji abin da ya same ni ke nan da Hala ɗina (Honda Accord), wata uku ina wahala. Na sayi Beljiyam wajen wani mai kaya, ya rantse min sabo ne daga jirgi. Sati biyu ciwon ya dawo, na koma ya ce ba a mayar da kayan wuta. Ashe shi ma sa'an nawa ne, duk sun kai shekara 30. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya buɗe min nawa na asali. Kondensa ne, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon. Ni na ce masa ai ba su kumbura ba. Ya ce na wancan zamanin ta ƙasa suke yoyo, ta wajen ƙafafu. Da ya ɗaga ɗaya sai ga wani baƙin danshi a ƙarƙashinsa, layin tagulla ya koma kore. Yana ɗora ƙarfen dalma wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen kifi, har na matsa baya. Ya kankare fenti, ya wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mita. Biyu sun tsinke, ya haɗa su da siririyar waya. Duka kondensan ya canza, har waɗanda ba su yi yoyo ba. Shekara biyu ke nan ko tari ba ta yi ba.

Ɗan Panteka: A sayar da ita kawai a huta, Alhaji.

Baban Ummi: Motar mahaifina ce, ba ta sayarwa ba ce.

Ɗan Panteka: Allah Ya jiƙansa. Na janye.

Injiniya: A kula da kondensan da za a saka, a duba lambobin da ke jikinsu. Maikurofarad ya zama daidai da na tsohon, bolt daidai ko sama da shi. A nemi mai lamba 105, wato mai jure zafin digiri 105, ba 85 ba, don zafin da ke cikin mota a watan Afrilu ba wasa ba ne. Gefen da ke da zane shi ne nigetib, idan aka juya shi zai iya fashewa. A sayi na kamfanin Nichicon, Panasonic ko Rubycon.

Ɗan Panteka: Injiniya, jabu sun yi yawa. Suna ne kawai a jikin leda.

Bakano: Ku zo Kano, komai akwai.

Ɗan Panteka: Har da jabun, ko?

Bakano: Aƙalla mu muna da na asalin ma.

Direban Funtuwa: Ni da fetur na ga ana wanke allon.

Oga Rewaya: Haba Malam! Fetur yana barin maiƙo. Sifirit, sannan a bari ya bushe sarai kafin a jona.

Injiniya: Alhaji, idan ka murɗa makulli ba ka tayar ba, fitilar cek injin tana kamawa?

Baban Ummi: Wani lokacin tana kamawa, wani lokacin shiru.

Oga Rewaya: To buɗe shi. Idan yoyon ya cinye allon har ya zama dole a saya, kwafi lambar da ke jikin takardarsa, wadda ta fara da 89661, ka nemi irinta sak. Shi ma a canza masa kondensa kafin a ɗaura.

Baban Ummi: Na gode. Mai Hala, dattijon nan yana nan har yanzu?

Mai Hala: Yana nan. Kira ni bayan La'asar in raka ka.