Wace waya ce za ta dace da mahaifina da ya rasa gani?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifina baduku ne, ya fi shekara 30 yana ɗinka jakunkuna da takalman fata a nan Damagaram, sai hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bara waccan. Abin da ya fi ci masa rai yanzu shi ne waya. In zai kira ƙanwarsa da ke Agadas, sai ya zauna a zaure da wayar a hannu yana jiran yaro ya taso daga lakwal ya danna masa. Rannan haka na bar shi da hantsi, haka na tarar da shi da azahar, bai ce wa kowa uffan ba. Na tara jika 40. Babba zan saya masa ko ƙarama?

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Fara da ƙarama mai madannai. Lamba 5 tana da ɗan tudu da yatsa ke ji, daga nan zai gane sauran. Ka ɗaura masa mutane a kan lambobi: 2 gwaggonka, 3 kai. Ya danne kawai ya riƙe, kira ya tafi. Cajinta kuma yana kwanaki ko an ɗauke wuta.

Malama daga Garin Malam: Ɗan'uwa, ni ma ba na gani, kuma da kaina nake rubuta maka wannan. A cikin babbar waya ta Android akwai TalkBack, mai karanta maka abin da ke kan waya da murya, kyauta ne. Ka taɓa abu sau ɗaya ta faɗa maka sunansa, sau biyu ta buɗe, da yatsu biyu ake jan shafi. Satin farko har kuka na yi, don komai sai ya rikice mini, amma ƙanena ya zauna da ni kullum bayan isha'i har hannuna ya saba. Tawa da Faransanci take magana, sunayenmu na Hausa kuwa duk ta karya su, sai kunne ya saba. Akwai kuma Be My Eyes, tun 2015 ake amfani da ita: ka nuna wa mai gani abu ta kyamara, ya karanta maka. Da ita nake duba kwalin magani, sai dai tana shan mega. Shin Baba yana jin Faransanci?

Ɗan Birni: Ko kaɗan, Malama, allo ya yi. Amma yana son sauraron saƙon murya na WhatsApp a wayata, har yakan ce in maimaita masa na jikokinsa. Zan fara da ƙaramar wayar ranar Alhamis in Allah ya so. Ko ƙanen naki zai yarda ya nuna mini yadda ya koya miki?