Ina neman shawara: yadda zan fahimtar da dangin mijina ciwon da ba a gani

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Unguwar Rogo, Jos, kuma shekara 2 ke nan ina fama da ciwon jiki ko'ina, da gajiyar da barci ba ya gusar da ita, musamman lokacin hunturu. An gwada jinina sau da dama ba a ga komai ba, daga baya likita ya ce faibromiyaljiya ce, ya bayyana mini cewa babu gwajin jinin da ke tabbatar da ita, kuma ta fi kama mata.

Ciwon ina jurewa, maganganun mutane ne suka fi ƙarfina. Ranar da na daure na je suna ko na yi wanki, washegari ko tulun ruwa ba na iya ɗagawa, sai surukata ta ce, "Jiya ba ke ce a gidan biki ba?" A wajenta son jiki ne, a wajen ƙannen maigida kuwa iskokai ne. Da likita ya ba ni maganin amitriftilin saboda barci da ciwon jiki, ya kuma haɗa ni da masanin halayyar ɗan Adam, sai aka fara raɗe-raɗin na samu taɓin hankali, har na daina zuwa, abin da yanzu nake nadama.

Don Allah, waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ta yaya kuka fahimtar da iyaye ba tare da an ɗauka rashin kunya ba ne? Shin ya dace in roƙi maigida ya kai Hajiya wurin likitan ta ji da kunnenta?