Neman shawara: abokina ya ce sai ya ga hujjar mu'ujiza zai yi imani

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Wani abokina ya daina sallah, yanzu har yana cewa bai yarda akwai Allah ba, amma in aka kawo masa hujjar mu'ujiza ɗaya tak zai dawo. Na samu hoton tsagewar wata da ake cewa na NASA ne, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da labarin cewa Neil Armstrong, ɗan sama jannatin da ya fara taka wata, ya ji kiran sallah a duniyar wata. In tura masa? Anya hujja irin wannan na sa mutum imani?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka tura ko ɗaya. Labarin Armstrong ƙage ne, an ƙaryata shi tun yana raye. Hoton kuma na wani kwazazzabo ne a jikin wata mai suna Rima Ariadaeus, bai ma zagaye watan ba, kuma NASA ba ta taɓa cewa ta tabbatar da tsagewar ba. Mu daga Alƙur'ani da hadisi muka karɓi tsagewar wata. Minti biyar a intanet ya ishe shi ya gano ƙaryar, daga nan ko gaskiya ka kawo zai haɗa ta da su.

Amsa ta biyu:
Alƙur'ani ya riga ya amsa tambayarka. Duba Suratul Ƙamar, aya 1-2: mushrikan Makka sun ga tsagewar wata da ido, suka ce sihiri ne. Hijr 14-15: ko ƙofar sama aka buɗe musu, cewa za su yi an rufe musu ido. An'am 111 ta ƙara da saukar mala'iku da maganar matattu.

Amma lura da ƙissar Annabi Musa (AS). Sanda ɗaya, wuri ɗaya: matsafa suka faɗi suna sujada domin sun san iyakar sana'arsu, Fir'auna kuwa ya ƙi saboda mulkinsa ne ke cikin haɗari. Naml 14 ta ce Fir'auna da mutanensa sun musa ayoyin alhali zukatansu sun sakankance. Ka ga mu'ujiza tana amfanar wanda yake nema ne, kuma yake iya auna ta. Hirƙalu, sarkin Rumawa, ma da ya titsiye Abu Sufyan, halin Manzo (SAW) ya tambaya: ya taɓa ƙarya? Yana saɓa alkawari? Su wa ke binsa?

Amsa ta uku:
Allah ya saka wa malam. In ƙara da cewa wasu masu ra'ayi irin na abokinka a kan hujjar masanin falsafa David Hume ta 1748 suke: wai kuskuren mai ba da labari ya fi sauƙin aukuwa a kan saɓa al'adar halitta. Wanda ya ɗauki wannan ma'auni, duk riwayar da ka kawo ta faɗi tun kafin ya ji ta.

Don haka fara da cewa ya rubuta maka abin da zai karɓa a matsayin hujja, da wanda ya yarda ya tantance ta. In ya kasa, ba ƙarancin hujja ne damuwarsa ba. Sai ka tambaye shi yaushe shakkar ta fara. Sau da yawa rasuwa ce, ko zalunci, ko halin wani mai addini. Ku fara da samuwar Mahalicci kafin annabci, mas'ala ɗaya a zama ɗaya, ku biyu kaɗai. Kada ka tallata shi a unguwa ko a Facebook, zai iya jawo masa cutarwa. In tambayoyinsa sun fi ƙarfinka, haɗa shi da malamin aƙida mai haƙuri.