Dreamland, wurin wasan da wuta ta cinye: wa ya san labarinsa?

Mai Gyaran Wuta, Zango:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke tuƙin tasi a New York ya kai yaransa gidan kallon kifaye na Coney Island, a bakin teku. Can aka ce masa a wannan filin ne wani wurin wasa mai suna Dreamland ya taɓa tsayuwa, mai ƙwan lantarki miliyan guda. Shekarata 20 ina ja wa mutane waya a Damagaram, kuma tun da na ji maganar nan ta ƙi barin raina. Me ya kashe wurin?

Malamin Tarihi, Birni:
Wa alaikumus salam. William Reynolds, tsohon ɗan majalisar jihar New York, shi ya buɗe shi a 1904 don ya ƙure Luna Park, wani wurin wasa da ke kusa. Fari fat aka shafe shi, da hasumiya mai tsawon kusan mita 114. Shekara 7 kacal ya yi.

Cikin daren da ya waye 27 ga Mayu 1911, ana shirin buɗe wasannin shekara, ma'aikata suna liƙe yoyo da kwalta a wani wasan kwalekwale da ake kira Hell Gate, wato Ƙofar Jahannama. Ƙwayayen wuta suka fashe, duhu ya rufe, aka ture bokitin kwalta mai zafi. Ginin kuwa katako ne da filasta. 'Yan kwana-kwana sun zo, amma ruwan famfo ya rasa ƙarfi. Kafin gari ya waye sai toka, kuma ba a sake gina shi ba. A shekarar ce Faransawa suka mai da Zinder babban birnin mulkinsu a nan Nijar.

Ungozoma, Sabon Gari:
Malam, ka bar abin da ya fi taɓa ni. Akwai ɗakin bakwaini a wurin, na wani da ake kira likita Martin Couney. 'Yan kallo ke biyan kuɗin shiga su ga jariran cikin kwalba, iyaye ba su biyan ko dala. Ban so a mai da ɗan mutum abin kallo ba, wallahi, amma na riƙe bakwaini a hannuna na san darajar kwalbar nan. Daren gobarar duk an fid da su da rai. Dabbobin wasa ne suka mutu da yawa, har wani zaki da ya kuɓuce 'yan sanda suka harbe shi.

Mai Gyaran Wuta, Zango:
Na gode Malam, na gode Yaya. Ni maganar ruwan ce ta tsaya mini. Ga teku a gabansu, ruwa ya gagara, to ina ga mu da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba? Makon jiya na shiga wata rumfa a kasuwa, na tarar da waya tsirara an ɗaure ta da leda, ƙarƙashinta katifun soso jibge har rufi. Na ce wa mai rumfar ba zan tafi ba sai na canza ta, ko bai biya ni ba. Gobe zan koma in duba ta maƙwabcinsa.