Shawarwarin kare kunne daga ƙara

Masu injin niƙa, masu walda da wani ma'aikacin lafiya sun tattauna matsalar ƙara, bakinsu kuma ya zo ɗaya: jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ƙananan gashin da ke can cikin kunne, in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Ma'aikacin lafiyar ya ce ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana illa in ana shafe awa 8 a cikinta kullum. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Audugar da ake cusawa ba ta tare abin a zo a gani. Matoshin kunne na soso ya fi: a murza shi ya sirance, a ja kunnen sama, a saka, a riƙe har ya kumbura. A ganina yaran da ake bari a gindin injin wuni guda su suka fi buƙatarsa.

Janareta a kai shi nesa da ɗaki. A wurin biki kada a zauna da jariri kusa da lasifika. Mai jin waƙa da abin kunne kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin wayarsa. Wanda kunnensa ke ƙugi bayan tashi daga aiki, ya je asibiti a gwada jinsa.